Bindigar wasa mai ƙarar gaske: aikin da na daina karɓa

Gyaran rediyo da lasifika da amfilifaya ce sana'ata a nan birnin Katsina, kuma da Sallah ta ƙarato sai teburina ya cika da bindigogin wasan yara. A da, waya ce ta tsinke ko gidan batir ya yi tsatsa. Yanzu kuwa cewa ake a ƙara mata murya.

Ran jajiberin Sallar da ta wuce wani yaro, bai wuce shekara 12 ba, ya dire mini baƙar bindigar roba. Ya kankare jan bakinta da reza, ya naɗe wurin da baƙin tef. Ya ce, "Baba, so nake in na danna a ji ta har Ƙofar Ƙaura." Wai a wani bidiyo a waya ya ga masu wasan harbin fenti suna sauya wa bindigoginsu kayan lantarki yadda suka ga dama.

Aikin kansa ba wani abu ba ne. Abin da ke cikin bindigar 'yar lasifika ce kamar murfin kwalba, da ɗan allo mai ɗigon baƙin danƙo inda aka adana sautin, sai batura uku masu bolt 1.5. Ka liƙa mata ƙaramin amfilifaya irin PAM8403 mai wat 3, ka sauya lasifikar, ka ciro batirin 18650 daga mataccen laftof, kafin shayinka ya huce an gama. Na taɓa yi, kuma ba na alfahari da shi.

Abin da bidiyon bai nuna wa yaron ba shi ne ƙa'idar wasan. A 1981 aka fara shi a jihar New Hampshire ta Amurka, da bindigar da asalinta ta sa wa itatuwa da shanu alamar fenti ce. A killataccen fili ake yi, kowa da abin kare fuska, ana auna gudun ƙwallon fentin kada ya wuce kimanin mita 90 a daƙiƙa, kuma ba mai fita daga filin sai ya toshe bakin bindigarsa.

Yaranmu kuwa lungu ne filinsu. A lungun nan akwai waɗanda ƙarar bindiga ta koro daga Batsari da Jibiya da Safana. Tsohuwar da ta taɓa kwana a daji ba za ta tsaya tantance roba da ƙarfe ba. Haka ma jami'in da ke sintiri bayan magariba. Ko a Amurka, inda doka ta tilasta sa wa bakin bindigar wasa launin lemo, a 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice mai shekara 12 a Cleveland, yana riƙe da ta wasa wadda ba ta da alamar.

Ga kuma batirin. 18650 da ba shi da allon kariya, wayoyinsa na haɗuwa zai ɗau zafi, yana iya kamawa da wuta a aljihun sabuwar shadda.

'Yan'uwana masu gyara, kuɗin aikin nan bai kai ciwon kansa ba. Iyaye kuma, ku duba bakin bindigar kafin ku biya, in an kankare a gida ku karɓe.

Shi yaron, na ɓare tef ɗin, na shafa wa bakin jan farce, na liƙe wata waya da ta kusa tsinkewa. Ya karɓa yana ƙunƙuni, wai ni tsohon yayi ne. Ko kuɗin dalma ban karɓa ba.