Sinadarin da Ya Haɗa Masoro da Tabar Wiwi

Jama'a, a 'yan shekarun nan ana yawan jin samari suna cewa tabar wiwi magani ce, wai har likitocin Turai sun tabbatar. Maganar tana da tushe, amma a tsakiya aka tsinto ta. Bari mu ɗauki sinadari guda daga cikin waɗanda ake kafa hujja da su, mu bi shi daki-daki.

A jikin furen macen wiwi akwai wasu 'yan gasusuwa masu danƙo, waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai. A cikinsu tsiron ke tara THC, wato sinadarin da ke bugarwa, tare da wasu mayuka masu ƙamshi da masana ke kira tarpin. Su ne ke ba wiwi warin nan nata. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawa shi ne beta-kariyofilin, mai ɗan yaji-yaji a hanci. Duk matar da ta taɓa daka masoro a turmi, ƙamshi ya tashi ya cika tsakar gida, ta riga ta shaƙe shi. Yana cikin kanumfari da kirfa da ɗaɗɗoya. Tsiro kuwa ba don mu yake yin sa ba, makaminsa ne na kare kai. Akwai irin masarar da idan tsutsa ta kama cin saiwarta, sai ta saki wannan sinadari cikin ƙasa, ya jawo wasu ƙananan halittu su zo su kashe tsutsar. Ikon Allah ke nan.

To, me yake yi a jikin ɗan Adam? Jikinmu yana da kafofi iri biyu da sinadaran wiwi ke maƙalewa. Ta farko, CB1, ta fi yawa a ƙwaƙwalwa, kuma nan ne THC ke kamawa ya jirkita wa mutum hankali. Ta biyu, CB2, an gano ta a 1993, ta fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki, masu hura wutar kumburi ko su kwantar da ita. A 2008 wani masani mai suna Jürg Gertsch da abokan aikinsa a ƙasar Suwizalan suka nuna cewa kariyofilin CB2 kaɗai yake kamawa, ba ruwansa da CB1. Shi ya sa ba ya bugarwa. Da suka ba ɓeraye shi, kumburin ƙafarsu ya ragu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan dabbobi sun nuna yana rage raɗaɗi, har da na jijiya.

Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne. Gwajin da aka yi a kan mutane bai taka kara ya karya ba tukuna. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a sa shi a abinci don ɗanɗano, amma ba ta amince da shi a matsayin maganin kowace cuta ba. Batun da ake yayatawa cewa tarpin na haɗa ƙarfi da THC su ba da waraka ta musamman, shi ma har yanzu masana na ja-in-ja a kansa.

Wanda ya naɗa wiwi ya kunna mata wuta da sunan neman wannan sinadari, abin da zai kwasa shi ne hayaki a huhu da THC a ƙwaƙwalwa. An daɗe da sanin cewa yawan shanta, musamman ga wanda ya fara tun yana ɗanyen matashi, na ƙara haɗarin taɓin hankali. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta masu shanta sun kai miliyan 10.6. Doka ta haramta nomanta da sayarwa da sha, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, na kama masu yi.

Kada kuma a ce tunda masoro da kanumfari kayan ƙamshi ne sai a zarce. Abin da ake barbaɗawa a kunu ko shayi ya wadatar. Tataccen man kanumfari na kwalba yana da ƙarfi ƙwarai, yaro in ya sha yana iya taɓa masa hanta, don haka a ajiye shi inda hannunsa ba ya kaiwa. Mai fama da ciwon gaɓoɓi ko kumburin da ya ƙi sauka, ya je asibiti a duba shi. Iyaye kuma, in yaro ya zo muku da zancen wiwi magani ce, ku zaunar da shi ku bayyana masa abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba.