Jigon Siyasa da Zamantakewa a Zube da Wasan Kwaikwayo

Jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa, kuma ba kasafai yake bayyana shi ƙarara ba. A ƙagaggen labari ana gano shi ta hanyar zubi da tsari, da salo, da halayen taurari. A Turmin Danya (1982), Sulaiman Ibrahim Katsina ya gina labarinsa kan fasa-ƙwauri. Sai dai ɗalibin da ya tsaya a nan bai warware jigo ba, domin ɗan fasa-ƙwauri ba ya cin kasuwa shi kaɗai: sai da ma'aikacin da ya karɓi na goro ya kau da kai, da jama'ar da ke girmama dukiya ba tare da tambayar asalinta ba. Zargin marubucin ya fi nauyi a kan waɗannan.

Malamin da ke koyarwa a Kankiya ko Kusada yana da sauƙin kusanto da wannan jigo ga ɗalibai. Hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ke kaiwa Jibiya da Maraɗi, ta ratsa Kankiya, kuma iyayensu sun ga yadda shinkafa ta yi tsada bayan rufe iyakoki a 2019.

Wasan kwaikwayo kuwa ba shi da mai ba da labari. A Kulɓa Na Ɓarna (1979) na Umaru Ɗanjuma Katsina, daga bakin 'yan wasa da ayyukansu, fitowa bayan fitowa, ake gane yadda masu kuɗi ke lalata 'yan mata 'yan makaranta.