Akwai Katin Izinin Shan Wiwi Don Magani?

Wannan tambaya daga wani bawan Allah ce a Jega. Ya ce ƙaninsa na fama da farfaɗiya, kuma wani ɗalibi a jami'ar Aliero ya faɗa masa akwai katin da ake yanka a samu izinin shan tabar wiwi don magani. Ina ake yankarsa?

To Malam, Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya babu wannan kati a Najeriya. Tsari ne na wasu jihohin Amurka, Kalifoniya ce ta fara halatta wiwi don magani a 1996. Can likita ke tabbatar da ciwo, hukumar jiha ta ba da kati. A nan kuwa, dokar 1966 ta haramta wiwi, sannan aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989. Duk wanda ya ce zai yanka maka katin, a Jega ne ko Maiyama, damfararka zai yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙanin naka. Maganin farfaɗiyar da Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, an yi shi ne da sinadarin CBD da aka tace daga wiwi, sinadarin da ba ya sa maye. Ganyen da ake naɗawa a tasha kuwa cike yake da THC mai bugarwa, yana iya jawo wa matashi taɓin hankali.

Don Allah ku kai shi Babban Asibitin Jega. In ciwon ya gagara, a nemi takardar tura shi Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Akwai magungunan farfaɗiya masu araha, amma kada ya daina sha sai likita ya ce.