Tarar Gudu a Hanyar Maraɗi

Wani mai sauraronmu daga Gabi ya ce jandarmomi sun tare shi a hanyar Maraɗi, suka ci shi tara kan gudu, shi kuwa bai yarda ba.

To Malam, idan ka biya nan take, ka amsa laifi ke nan, magana ta ƙare. Amma karɓi rasit, don kuɗin da babu rasit ba ya shiga baitulmali.

In ba ka yarda ba, kada ka yi cacar baki a bakin titi. Nemi a rubuta takardar laifin da bayaninka a ciki, ka riƙe ranar da wurin, ka samu shaida cikin fasinjojinka. Alƙali a kotun Madarunfa zai saurare ku, kai da jandarmomin, sai dai in ka faɗi, har kuɗin shari'a na kanka.