Damo da Guza: A San Su Kafin a Ɗaga Sanda

Jama'a, da yawa cikinmu ba mu san damo ba sai a karin magana, inda ake yi masa kirari da sarkin haƙuri. To, haƙurin nan da dalilinsa. Damo ɗan tudu ne, gajere mai kauri, tsawonsa bai cika wuce mita 1 ba. Da damina yakan ci ya ƙoshi, ya tara kitse a jiki da wutsiya. In rani ya tsananta sai ya shige rami ko kogon itace, ya yi watanni bai sa komai a baki ba.

Me yake ci? Fara, gyare, buzuzu, katantanwa, ƙadandoniya, har kunama. Wato abin da ke ɓata wa manomi shuka shi ne tuwonsa. Saboda haka wanda ya cinna wa daji wuta don ya kama damo guda, ya kashe ɗan ƙwadagon da ke yi masa aiki ba lada, ya kuma ƙone ciyawar dabbobinsa.

Guza kuwa ta bakin ruwa ce, doguwa, takan kai mita 2, gwanar iyo da hawan itace. Ita kam ba a wanke ta sarai ba: takan saci ƙwan kaji, har na kada ba ta bari. Maganinta a toshe akurki da kyau. Fatarta ce ake rufa ƙwaryar goge da ita.

Danginsu sun kai iri 80 a Afirka da Asiya da Ostareliya, babbansu kuwa, mai tsawon mita 3, yana tsibirin Komodo na Indonesiya. Dukansu harshensu a rabe yake biyu kamar na maciji, amma ba sara suke yi da shi ba, sansana hanya suke yi. In ka ritsa ɗaya, zai kumbura, ya yi huci, ya zabga maka wutsiya kamar bulala. Ka ja da baya, zai wuce abinsa.

Dubi dabarar guza wajen haihuwa. Da ruwa ya jiƙa suri ya yi laushi, sai ta tona, ta zuba ƙwai, wani lokaci har 60, ta yi tafiyarta. Gara ta zo ta liƙe ɓarakar, ƙwan ya samu ɗumi da laima a ciki. Bayan watanni 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su jira ruwa ya sake tausasa ƙasar, sannan su haƙo hanya su fito.