Bindigar Tokarka Ta Fara Gardama: A Gyara Ko A Sauya?

Kaka ta ƙarato, ciyawa ta fara bushewa, mafarauta suna sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun farkon damina. Kai ma ka sauko da taka, amma hankalinka bai kwanta da ita ba. Bara ka sha jan kunama ta ƙi tashi, wani lokacin kuma ta tashi ta watsa maka tartsatsi a fuska. Yanzu kana tunanin ko ka kai ta wurin maƙeri, ko ka haƙura da ita ka nemi wata.

Ɗan'uwa, bututu ne zai ba ka amsa. Ƙota, kunama, sifirin, sandar ɗuri, duk ana gyara su ko a sake su. Bututu ne kaɗai ba ya karɓar gyara. In lafiyarsa ƙalau, riƙe abarka. In ya taɓu, ta gama aiki, ko wa ya bar maka ita. Gobe da safe, rana na fitowa, shimfiɗa buhu a tsakar gida, ka sallami yara, ka bi waɗannan matakai.

1. Tabbatar babu ɗuri a ciki. Kada ka ce ai ka tuna ka harba ta kafin ka rataye. Bindigar toka ba a buɗe ta a leƙa, kuma albarushi yana iya shekaru a cikinta bai mutu ba. Cire abin kunna wutar, ka juya bakin inda babu kowa. Zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka dafe daidai bakin da babban yatsa, ka zaro ta, ka jera ta da bututun ta waje. Ya kamata ƙarshenta ya kai daidai 'yar kafar da wuta ke bi ta shiga. In ta gaza, akwai abu a ciki.

In akwai, kada ka harba don ka fitar da shi, tunda ba ka san ɗuri ɗaya ba ne ko biyu. Zuba ruwa ta baki da ta kafar wutar, ka bar shi ya jiƙa albarushin sosai, sannan a zaƙulo. Kuma ka faɗa wa maƙeri gaskiya tun daga bakin ƙofa. Bututu mai ɗuri in ya kusanci wutar maƙera, harbi zai yi, kuma wanda ke tsaye a gabansa shi zai samu.

2. Wanke ta kafin ka yanke mata hukunci. Daskararriyar toka tana ɓoye aibi, tana kuma jawo matsalar da ba aibi ba ce. Ragowar albarushi yana tsotsar laima daga iska, shi ya sa bindigar da aka ajiye ba wanki take fitowa daga damina da tsatsa. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun isa. Naɗa tsumma a kan sanda, ka yi ta shiga da fita har tsumman ya fito fari. Busar da ita sarai, ka shafa mai kaɗan irin na keken ɗinki. Baƙin mai na mota kuwa, bar shi. Yana haɗuwa da toka ya zama danƙo, ya toshe kafar wuta.

3. Yanzu duba bututun, kuma a nan kada ka yi gaggawa. In za ka iya raba shi da ƙota, raba shi, domin tsatsa ta fi son ɓangaren da ke kwance cikin ice, inda ido ba ya kaiwa.

Rufe ido ka bi jikinsa da yatsu daga baki har gindi, kana juya shi a hankali. Yatsa yana jin kumburin da ido bai gani ba. Sannan ka sake naɗa tsumma a sanda yadda zai shiga da ƙyar, ka tura a hankali. In yana tafiya da tauri, sai ka ji ya yi sakwaf a wani wuri sannan ya sake yin tauri, wurin nan ya kumbura. Haska tocila ta baki, za ka iya ganin baƙin zobe a daidai nan. Kumburi yakan zo ne in harsashi bai zauna daram a kan albarushi ba, ko laka ta toshe baki aka harba a haka. Ƙarfen ya riga ya miƙe ya yi siriri, kuma ba ya komawa.

Nemi tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Mai da hankali ga gindi, inda ƙarfin wuta ya fi yawa. Bindigogin gida da yawa da bututun ruwa aka yi su, irin mai ɗinki a tsaye daga sama har ƙasa. An yi shi ne don ruwan famfo, kuma ranar da zai fashe, ta wannan ɗinkin yake tsagewa, daidai inda hannunka na hagu yake riƙe. In ka ga layin ɗinkin ya fara buɗewa ko baƙar toka tana fitowa ta jikinsa, magana ta ƙare.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama-sama, wadda tsumma ke gogewa ya bar ƙarfe sumul, ba komai. Wadda ta ci rami, har kan allura yana shiga, ita ce abin tsoro, domin ba ka san saura nawa ta huda ba.

Kumburi, tsaga, rami mai zurfi: ko ɗaya ka samu, ka daina harba wannan bututun daga yau. Zan faɗa maka kai tsaye, domin na san abin da za a ce maka a kasuwa: walda ba ta gyara shi. Tana rufe tsagar a ido, zafinta kuma ya canza ƙarfen da ke kewaye. Naɗa waya, ɗaura roba, liƙa gam, duk ado ne a kan ciwo. Ina ganin mutum da bindiga naɗe da waya a gindi, sai gabana ya faɗi, saboda wurin nan bai fi taƙi ɗaya ba daga idonsa.

4. Duba toshiyar gindi da kafar wuta. Toshiyar da ta rufe bayan bututu ita ce tsakanin wuta da fuskarka. In tana motsi, ko ka ga baƙin hayaƙi ya zana layi a kewayenta, ɗauke ta daidai da tsagaggen bututu. Kafar wuta kuma tana faɗaɗa da yawan harbi. Alamarta ita ce tartsatsin da ke dawo maka a fuska, ko ƙarfen da ke sara wutar ya riƙa komawa baya da kansa bayan harbi. Wannan ƙwararre yana iya sake ta, muddin ƙarfen da ke riƙe da ita bai ci ba.

5. Sauran matsaloli masu sauƙi ne. Sifirin ya yi sanyi, a sake shi. Ƙota ta tsage a wuya, a sassaƙa sabuwa, kada a buga ƙusa. Amma gwada wannan: ɗana ta babu ɗuri, ka bugi gindin ƙota da tafin hannu. In ta saki da kanta, haƙorin da ke riƙe ƙarfen da ke sara wutar ya cinye. Gyaran ba tsada, sai dai kada ka fita da ita ko nan da bayan gari kafin a yi shi. Irin wannan ce ke tashi in mutum ya yi tuntuɓe, ta sami abokin tafiya.

6. Tambayi kanka ko laifin nata ne. Sau da yawa bindigar da ake zagi da ƙin tashi, albarushin ne ya sha laima, ko mai ya taru a gindi. Goge man kafin ɗuri, ka ajiye albarushi a abu mai murfi, nesa da murhu. Riƙe mudu ɗaya da ka saba da shi, kada ka ƙara don ka hangi babban nama. Garin da ke cikin harsashin bindigar zamani kuwa, kada ka kuskura ka zuba shi, ko kaɗan, ko a gauraye. Ƙarfinsa ya wuce abin da bututun toka zai ɗauka, ko sabo fil ne. In ka ja ta ƙi tashi, bar bakin yana kallon inda ka saita, ka jira minti ɗaya cur. Wani lokacin wutar tana tafiya ne a hankali.

7. Yi lissafi. Bututu lafiya, gyara kaɗan: gyara. Bututu lafiya amma kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin wata: ni dai zan sauya. Bututu ya taɓu: babu lissafin da za a yi. Kuɗin sabuwa bai kai na ɗinkin hannu a asibiti ba, balle daminar da za ka rasa ba ka riƙe fartanya ba.

Wani zai ce a ɗaura ta a bishiya, a ja kunama da igiya daga nesa, in ba ta fashe ba shi ke nan. Wannan ya nuna ta tsira sau ɗaya ne kawai. Tsaga tana ƙaruwa da kowane harbi. A Ingila, garin Bamingam da a da ya daɗe yana ƙera bindigogin da ake kawowa Afirka ta Yamma yana da gidan gwajin bututu tun 1813. Can ana gwada shi da ɗurin da ya fi na kullum, a bincika shi bayan harbin, sannan a buga masa hatimi. Bindigar maƙerin garinku ba ta bi ta irin wannan gidan ba, don haka idonka da yatsunka da amanar maƙerin su ne abin dogaronka.

8. In za ka sauya, je da wanda ya fi ka sani. Sarkin baka ko wani tsohon maharbi ya san hannun wane maƙeri ne bai taɓa cin yatsun mutane ba. Tambayi da wane ƙarfe aka yi bututun, ka ƙi mai ɗinki. Yi wa sabuwar duk gwajin da ka yi wa tsohuwar, kafin kuɗi su bar aljihunka. Sabon fenti a kan tsohuwar bindiga dalili ne na ƙara dubawa.

9. Gyara takardunka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigogin da ake ɗurawa ta baki, kuma ta ba 'yan sanda ikon wajabta lasisi a kansu. Mai ƙera su ko gyara su ma yana buƙatar izini. Da yanayin tsaron da ake ciki, ka'ida tana iya bambanta daga jiha zuwa jiha. Shiga ofishin 'yan sanda na yankinku tare da shugaban mafarautanku, ka ji abin da ake nema kafin ka saya.

10. Tsohuwar fa? Kada ka sayar wa wani da aibinta a ɓoye, kada ka ba ƙanenka ya riƙa koron birai a gona, kada ka jefa ta a bola. In ta gado ce, ranka yana kanta, na fahimta. Sa a cire mata sifirin da kunama, a toshe bututun da kafar wutar yadda ba za ta sake ɗaukar ɗuri ba, sannan ka rataye ta inda yara ba sa kaiwa. In ba ka da buƙatar ajiye ta, miƙa ta ga 'yan sanda a gaban mai unguwa ko dagaci, ka karɓi takardar shaidar cewa ta bar hannunka.