Asibitin da Zai Tsaya a Ranar Ambaliya

Gabatarwa

A watan Satumba na shekarar 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori da magunguna. Wato a ranar da jama'a suka fi bukatar magani, gidan maganin kansa yana neman ceto. Kafin wannan, ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Nijeriya. Da yake sauyin yanayi yana ƙara tsananta ruwan sama da zafi, ya wajaba kowane asibiti, har da ƙananan ɗakunan shan magani da ikilisiyoyi suka gina a ƙauyuka, ya yi shiri tun da wuri. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan wannan shiri. Ga abubuwa huɗu da ya kamata a lura da su.

1. Wutar lantarki

Yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan wuta ta ɗauke, man janareta kuma ya ƙare, ƙarfinsu yakan ragu ba tare da ido ya gani ba, sai a yi wa yaro allurar da ba za ta kāre shi ba. Firji mai aiki da hasken rana yana maganin wannan. Haka nan fitilar sola a ɗakin haihuwa takan hutar da ungozoma daga karɓar haihuwa da tocila, ba hayaƙi, ba kuɗin mai.

2. Ruwa da tsabta

Ambaliya takan kwashi ƙazantar masai ta zuba a rijiya, daga nan sai kwalara. Saboda haka a ɗaga bakin rijiya, a rufe shi, a nisanta masai daga gare ta, a kuma tara ruwan sama daga rufin kwano a tanki domin rani.

3. Shara

Kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da haɗari. Sauran 15 ne ke ɗauke da cuta ko guba. Idan aka haɗa su wuri ɗaya, duka sun gurɓace. Ƙona roba a fili yana fitar da hayaƙi mai guba, allurar da aka yar a juji kuma takan soki yara. A raba shara tun daga ɗakin jinya, domin kada asibiti ya zama mai raba cuta ga maƙwabtansa.

4. Gini da ma'aikata

Tun ran gini ran zane. A zaɓi tudu, a ɗaga harsashi, a buɗe magudanan ruwa kafin damina, a ajiye magunguna da takardun majiyyata a kan kanta mai tsayi. Manyan tagogi da itatuwa suna rage zafi. Kowane ma'aikaci kuma ya san aikinsa, da inda za a kai majiyyata idan ruwa ya shigo.

Kammalawa

Wannan nawaya ba ta likitoci kaɗai ba ce. Iyalan da suke kai 'ya'yansu asibiti su ne za su fara shan wahala in ya gāza, don haka kula da shi hidima ce ga maƙwabci.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ina asibitin da ya fi kusa da iyali yake samun wuta da ruwa?
2. Ina ake zubar da shararsa?
3. Wane aiki zumuntar mata da matasa za su iya yi masa kafin damina mai zuwa?